Tarihin L. P. Cookingham, Manajan Birni Mai Riƙon Amana (1896–1992)

A tsakiyar ƙasar Amurka, daidai inda kogin Kansas yake zuba ruwansa cikin kogin Misuri, akwai wani babban birni na jihar Misuri da ake kira birnin Kansas. A shekara ta 1939 babu birnin da sunansa ya ɓaci a ƙasar nan kamarsa. Gidajen caca a buɗe suke dare da rana, ana kaɗa ƙuri'a da sunayen matattu, baitulmalin birni kuwa ya zama kamar rumbun da gara ta cinye daga ciki. Bayan 'yan shekaru kaɗan sai ga shi ana misali da wannan birni wajen tsabtar mulki da tsarin aiki. Mutane da yawa sun sa hannu cikin wannan canji, amma wanda ya ɗauki nauyin aikin yau da kullum har shekara 19 shi ne Laurie Perry Cookingham, wanda aka fi sani da L. P. Cookingham. Ma'aikaci ne da aka ɗauka aiki, bai hau kujerarsa ta hanyar zaɓe ba, kuma tarihinsa yana da abin da zai faɗa wa kowane gidan masu bi da ke da ɗa ko 'ya a ofishin gwamnati.

Haihuwarsa da Tasowarsa

An haifi Cookingham a birnin Shikago a shekara ta 1896, ya yi karatun sakandare a garin Danville na jihar Illinois. Da Amurka ta shiga Yaƙin Duniya na Ɗaya, ya yi aikin soja. Bayan yaƙi ya kama aikin injiniya a jihar Mishigan, ya kuma sami digirin injiniyan gine-gine da hanyoyi daga wata makarantar fasaha ta birnin Detroit.

A ƙarshen shekarun 1920 wani ɗan ƙaramin gari mai suna Clawson, kusa da Detroit, ya ɗauke shi ya zama manajansa na farko. A irin wannan gari manaja ba shi da tarin mataimaka. Shi zai duba magudanar ruwa da ta toshe, shi zai lissafa harajin da ya shigo, shi kuma zai saurari mai kukan ramin da ke ƙofar gidansa. Daga nan ya koma garin Plymouth a 1931, a tsakiyar matsin tattalin arziƙin da ya rufe bankuna ya kuma bar miliyoyin Amurkawa ba aikin yi. A 1936 birnin Saginaw, wanda ya fi waɗannan girma nesa ba kusa ba, ya kira shi. Fiye da shekara 10 ke nan yana koyon riƙon dukiyar jama'a a wuraren da ba mai kallonsa sai 'yan garin. Ubangiji Yesu ya koyar cikin Luka sura 16 cewa a kan ƙaramin abu ake gane wanda za a iya danƙa wa babba, kuma rayuwar wannan mutum ta bi wannan hanya taki bayan taki.

Mene Ne Manajan Birni?

Domin a gane aikinsa, sai an koma baya kaɗan. A ƙarni na 19 al'adar siyasar Amurka ita ce, jam'iyyar da ta ci zaɓe ta kori ma'aikatan da ta tarar, ta cika ofisoshi da magoya bayanta, tun daga babban sakatare har mai shara. Wannan al'ada ta kai ga zubar da jini a 1881, lokacin da wani mutum mai suna Charles Guiteau, wanda ya nemi muƙami bai samu ba, ya harbe Shugaba James Garfield. Mutuwar shugaban ta girgiza ƙasar, har majalisa ta kafa dokar Pendleton a 1883, wadda ta fara sa a ɗauki ma'aikatan tarayya ta hanyar jarrabawa. Amma dokar ba ta shafi birane ba, can kuwa aka ci gaba da rabon ganima kamar dā.

Daga nan masu neman gyara suka fito da wata dabara. Jama'a za su zaɓi magajin gari da kansiloli, su ne za su yi dokoki su amince da kasafin kuɗi. Su kuma sai su ɗauko ƙwararren ma'aikaci wanda ba ruwansa da jam'iyya, su danƙa masa gudanar da ma'aikatu, ɗaukar ma'aikata da kula da kuɗi. Idan bai yi daidai ba, suna da ikon sallamarsa a kowane lokaci. Wannan shi ne manajan birni. Garin Staunton na jihar Birjiniya ne ya fara gwadawa a 1908, birnin Dayton na jihar Ohio ya bi baya a 1914, daga nan abin ya bazu.

Birnin da Ya Ruɓe

Mutanen birnin Kansas sun amince da wannan tsari a 1925, suna murna cewa sun yi maganin wani ubangidan siyasa mai suna Tom Pendergast. Ashe sun sauƙaƙa masa aiki ne. Majalisar tana da kujeru tara, mutanensa suka ci biyar, kuma a 1926 suka naɗa Henry McElroy manajan birni. Tun daga ranar, ikon da aka tara wuri guda domin gyara ya faɗa hannun wanda ake so a kawar.

Pendergast mutum ne mai kyauta. Yana raba wa matalauta gawayi da tufafi a lokacin sanyi, yana ciyar da dubban mutane ranar Kirsimeti, yana kuma zuwa sujada a kai a kai. Amma kowace kyauta tana da farashi, farashin kuwa ƙuri'a ce. Wanda ya sami aiki ta hannunsa dole ya riƙa yanka wani abu daga albashinsa yana bai wa ƙungiyar. Kamfaninsa na kankare shi ke samun manyan ayyukan birni, har da sabon ginin hedikwatar birnin mai hawa 29 da aka gama a 1937, har ma da shimfiɗe ƙasan wani rafi da kankare. Jerin masu karɓar albashi ya cika da sunayen mutanen da ba su taɓa zuwa wurin aiki ba. McElroy yana kwashe kuɗin da aka ware domin wani aiki yana kai su wata ajiya da shi kaɗai yake da iko da ita, yayin da ake zaftare albashin ma'aikatan gaskiya. 'Yan sanda sun zama abokan masu gidajen caca. A zaɓen birni na 1934 an kashe mutum huɗu rana ɗaya.

Ba kowa ne ya yi shiru ba. A 1932 wani malamin Yahudawa mai suna Samuel Mayerberg ya tsaya a gaban taron mata ya fallasa abin da ake yi, wasu fastoci suka mara masa baya. An yi masa barazana, an harbi motarsa, kuma a lokacin bai ci nasara ba. Mutane da yawa, har da masu zuwa majami'a, sun fi son a bar kaza cikin gashinta, tun da kasuwa tana ci kuma kowa yana da ɗan'uwa a jerin albashi.

Amma rana dubu ta ɓarawo, rana ɗaya ta mai kaya. Bayan maguɗin zaɓen 1936 gwamnatin tarayya ta gurfanar da mutum 278, kotu ta sami 259 da laifi, aka kuma goge dubun-dubatar sunayen bogi daga rajistar masu zaɓe. Pendergast kansa cacar tseren dawakai ta cinye shi, har ya karɓi cin hancin ɗaruruwan dubban daloli daga kamfanonin inshora bai biya haraji a kai ba. A watan Mayu na 1939 ya amsa laifinsa, aka yanke masa ɗaurin wata 15. McElroy ya sauka daga kujera a watan Afrilu na wannan shekara, ya mutu bayan 'yan watanni tun ba a kai ga shari'arsa ba.

Tsintsiyar Mata da Zuwan Baƙo

A zaɓen 1940 jam'iyyu da ƙungiyoyi dabam-dabam suka haɗa kai, matan birnin kuwa su ne ƙashin bayan tafiyar. Sun maƙala 'yar alamar tsintsiya a rigunansu, suka bi gida gida, suka tsaya a rumfunan zaɓe suna sa ido. Wani lauya mai suna John B. Gage ya zama magajin gari. Sabuwar majalisa ta ƙi ɗaukar ɗan gari, ta nemi ƙwararre daga waje, a tsakiyar wannan shekara kuwa Cookingham ya iso daga Saginaw yana da shekara 43. Ba shi da dangi a birnin, babu wanda yake binsa bashin alheri, babu kuma wanda yake jin haushi.

Abin da ya tarar ya isa ya karya zuciya. Birni mai mutane kusan 400,000 yana ɗauke da bashi da giɓi na wajen dala miliyan 20, littattafan lissafi a hargitse, ma'aikata kuma sun saba cewa hanyar ci gaba ita ce sanin wani babba.

Aikin Gyara

Ya fara da jerin albashi. Cikin wata shida an rage kimanin mutum 2,000 daga ciki: waɗanda babu su sam, waɗanda suke zuwa ranar biya kaɗai, da waɗanda aka ƙirƙiro wa muƙami ba tare da aikin yi ba. Wannan mataki ba mai daɗi ba ne, gama a bayan sunaye da yawa akwai mata da 'ya'ya. Amma kowace dala da ta tafi ga wanda bai yi aiki ba an ɗauke ta ne daga asibitin talakawa, ko daga albashin ma'aikacin kashe gobara da yake sa ransa cikin haɗari.

Sallamar mutane ba ta da wuya kamar cike gurabensu. Cikin waɗanda suka yi wahalar zaɓen 1940 akwai masu ganin cewa yanzu layi ya zo kansu, a kori yaran Pendergast a sa nasu. Da an bi wannan, da an canza masu cin ne kawai, tukunyar tana nan yadda take. A nan ne aka gwada Cookingham da magajin gari Gage, suka kuwa tsaya. An kafa tsarin cancanta: a bayyana kowane gurbi a fili, a rubuta abin da ake bukata ga mai nema, a yi jarrabawa, a ɗauka daga waɗanda suka fi ci. An jera muƙamai aji-aji, kowane aji da albashinsa, domin mutum biyu masu aiki iri ɗaya su karɓi abu ɗaya. An hana tilasta wa ma'aikaci ba da kuɗi ko yin yawon neman ƙuri'a domin ya riƙe aikinsa. Tsofaffin ma'aikatan da suka iya aikinsu an bar su, ko da ta hannun tsohuwar ƙungiya suka shigo.

Haka aka yi wajen kuɗi. Abin da birni zai saya, a sanar da shi, 'yan kasuwa su kawo farashinsu, a ba wanda ya fi sauƙi kuma ya cika sharaɗi. Kuɗin da aka ware wa wani aiki ba ya ƙaura zuwa wani sai da iznin majalisa. Masu binciken lissafi suna duba littattafai, ana kuma buga rahoto domin kowane mai biyan haraji ya gani. Cikin ɗan lokaci birnin ya fita daga ramin giɓin da ya tarar, ya fara biyan 'yan kasuwa da ma'aikata a kan kari.

Wannan tsari ba baƙo ba ne ga mai karanta Littafi Mai Tsarki. Cikin Fitowa sura 18, shawarar da Yetro ya ba surukinsa Musa ita ce ya zaɓi shugabanni bisa ga iyawa, tsoron Allah, gaskiya da ƙin rashawa. Bai ambaci dangantaka ba, bai kuma ambaci wanda ya fi yi wa Musa hidima ba.

Ginin Birni da Ambaliyar 1951

Da gida ya daidaita, sai Cookingham ya juya ga gobe. Ya lura cewa masu hali suna ƙaura zuwa unguwannin da ke wajen iyakar birni, suna tafiya da harajinsu, don haka ya sa himma wajen faɗaɗa iyakar. A 1950, bayan doguwar shari'a, birnin ya haye kogin Misuri ya haɗa da filayen da ke arewacinsa. A zamaninsa faɗin birnin ya tashi daga murabba'in mil 60 zuwa wajen 130. An gina gadar Paseo a 1954 da gadar Broadway a 1956, aka kuma zana manyan hanyoyin mota da suka kewaye tsakiyar gari.

A ranar 13 ga Yuli, 1951, kogin Kansas ya yi wata gagarumar ambaliya. Ruwa ya shanye unguwar masana'antu da zangon shanu da mayanka, waɗanda su ne jijiyar arziƙin birnin. Wata babbar tashar tura ruwan famfo ta nutse, tankunan mai suka kama wuta suka yi kwanaki suna ci. A irin wannan rana ce ake gane amfanin ma'aikatan da aka ɗauka don sun iya aiki, gama injiniyan bogi ba ya gyara famfo. Ambaliyar ta lalata wurin gyaran jiragen sama na kamfanin TWA, har aka ji tsoron kamfanin zai bar yankin da dubban ayyuka. Birnin ya sayi fili a kan tudu, can arewa, ya gina sabon filin jirgi, wanda daga baya, a 1972, ya zama babban filin jiragen saman birnin. Hanyar da take shiga filin tana ɗauke da sunan Cookingham.

Wani aikin nasa ba a ganinsa da ido. Yakan ɗauko matasa da suka gama jami'a ya ajiye su a ofishinsa, ya ba su aiki na gaske, ya gyara musu kuskure, sa'an nan ya tura su gaba. Da yawa daga cikinsu sun zama manajojin birane a sassa dabam-dabam na Amurka. Saboda haka ƙungiyar manajojin birane ta sa sunansa a kan lambar yabon da take ba wanda ya fi renon matasan ma'aikata.

Inda Gyaran Bai Kai Ba

Tarihi na gaskiya ba ya ɓoye tabo. Birnin da Cookingham ya riƙe birni ne mai wariyar launin fata, kuma tsabtace littattafan kuɗi bai kawar da wannan zalunci ba. Baƙar fata suna da asibitin gwamnati nasu dabam har zuwa 1957. Da suka kai ƙara domin a bar su shiga wurin ninƙaya na lambun Swope, hukuma ta gwammace rufe wurin a lokacin shari'a, sai a 1954 aka buɗe shi ga kowa bayan kotu ta yanke hukunci. Manyan hanyoyin da aka yi alfahari da su, da shirin rushe tsofaffin unguwanni, sun fi faɗa wa gidajen talakawa da na baƙar fata, suka watsa maƙwabtan da suka daɗe tare. Mutum yana iya zama mai tsabtar hannu, duk da haka aikinsa ya danne marar ƙarfi idan bai sunkuya ya saurare shi ba. Annabawa irin su Amos da Mika ba ma'auni na gaskiya kaɗai suka nema daga masu mulki ba, sun nemi adalci da jinƙai ga matalauci.

Saukarsa da Ƙarshen Rayuwarsa

Ya yi aiki da magadan gari uku: Gage, William Kemp da H. Roe Bartle. Amma jama'a sukan gaji da tsaro. A zaɓen 1959 ragowar tsofaffin ƙungiyoyin siyasa suka sami rinjaye a majalisa, kuma manajan da ba ya raba muƙamai ba shi da amfani a gare su. Aka matsa masa ya sauka. Doka ta ba majalisa wannan iko, shi kuwa bai yi jayayya da doka ba. Ya miƙa ofis ya tafi. Cikin shekara huɗu da suka biyo baya, mutum tara ne suka zauna a kujerar, har da masu riƙon ƙwarya, sai da masu zaɓe suka farka a 1963 suka maido da masu gyara.

Shi kuwa birnin Fort Worth na jihar Teksas ya ɗauke shi manaja daga 1959 zuwa 1963. Bayan nan ya komo birnin Kansas ya jagoranci wata ƙungiyar ƙulla zumunci tsakanin al'umman duniya, wadda Shugaba Eisenhower ya kafa. A birnin da ya kore shi ya ƙarasa tsufansa cikin girmamawa, ya rasu ranar 22 ga Yuli, 1992, yana da shekara 95.

Abin Koyi ga Gidajen Masu Bi

McElroy da Cookingham kujera ɗaya suka zauna, tsarin mulki ɗaya ya ba su iko. Na farko ya mai da birni gonar ubangidansa, na biyu ya riƙe shi a matsayin ajiyar da za a tambaye shi a kanta. Doka mai kyau abar nema ce, amma ba ta tsare kanta, sai an sami mutum mai aminci a kan teburi da jama'ar da za su tsaya masa. Matan da suka ɗauki tsintsiya a 1940 su ne suka buɗe wa Cookingham ƙofa, kuma sanyin jikin masu zaɓe a 1959 shi ya rufe ta.

Littafi Mai Tsarki cike yake da ma'aikatan gwamnati. Yusufu ya riƙe rumbunan Masar, Nehemiya ya ƙi karɓar abincin da aka saba ba gwamna domin kada ya nawaita wa jama'a, maƙiyan Daniyel kuma sun bincike aikinsa ba su sami abin kama shi ba. Da masu karɓar haraji da sojoji suka zo wurin Yahaya Mai Baftisma, bai sa su bar aikinsu ba, ya umarce su su daina ƙwace, su gamsu da abin da yake nasu. Aikin ofis ma wurin shaida ne.

Sau da yawa jarabar ma'aikaci daga gida take fitowa. Kawu yana so a sa ɗansa cikin jerin albashi, inna tana tambaya me ya sa maƙwabci ya gina bene shi bai gina ba, wani lokaci ma a majami'a ana ba mai babbar kyauta kujerar gaba ba tare da an tambayi inda ya samo ba. Pendergast ma mai kyauta ne. Iyalin da suke so ɗansu ya zama kamar Daniyel, sai su rage masa nauyin roƙo, su yi masa addu'a, su kuma girmama shi ranar da ya yi ritaya da ɗan abin da ya tara ta halal. Ubangiji ya ta da irin waɗannan ma'aikata daga cikin 'ya'yan ikkilisiya, ya kuma ba iyayensu zuciyar tsaya musu. Amin.